Kitse a Cikin Harshe: A Cire, A Rage, Ko A Bar Shi?

Kitse yakan taru ya zama ƙari a wuya ko kafaɗa ko gadon baya, mai laushi, mai zillewa idan an danna shi, kuma da wuya a rasa mai irinsa a unguwa. Likitoci suna kiransa lifoma. Ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Abin da ba a saba gani ba shi ne ya fito a cikin baki, balle a harshe, wanda mafi yawansa tsoka ce. Cikin ƙarin da ke fitowa a baki waɗanda ba na daji ba, na kitse bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 ba, kuma ya fi zama a cikin kunci, sannan harshe da ƙasan baki da leɓe. Don haka wanda aka ce yana da shi a harshe ba shi da maƙwabcin da zai tambaya yadda ya yi da nasa. Sai ya tsaya tsakanin masu cewa a yi tiyata a huta, da masu cewa tunda ba ya ciwo a ƙyale shi.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a wurinsa, amma ba a kan mara lafiya ɗaya ba. Kitsen harshe iri biyu ne, kuma shawarar da ta dace da ɗaya tana iya cutar da mai ɗayan.

Mai jaka da marar jaka

Na farko dunƙule yake wuri ɗaya, a cikin wata siririyar jaka da ta raba shi da tsokar da ke kewaye. Yawanci ɗaya ne, a gefe ɗaya, saman sa sumul, kuma idan yana kusa da fatar harshe ana hango ruwan ɗorawarsa. Wannan launi ne ya sa likitan da ya fara bayanin irinsa a baki, Roux, a 1848, ya siffanta shi da kumburi mai ruwan ɗorawa. Yana girma a hankali, shekara da shekaru, akasari ba ya wuce santimita 3, kuma ya fi samun waɗanda suka haura shekara 40.

Na biyu ba shi da jaka, ba shi da iyaka. Kitsen yana ratsa tsakanin zaren tsoka ne, har harshen ya yi kauri da faɗi. Shi ake kira lifomatosis. Sau da yawa yana kama gefuna biyu na harshe daidai wa daida, dama da hagu, har haƙora su bar shatinsu a jiki. Wannan ya fi na farko ƙaranci nesa ba kusa ba. Abin da aka sani game da shi an tattaro shi ne daga rahotannin ɗaiɗaikun marasa lafiya, mafi yawansu maza masu shekaru, kuma da dama daga Japan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya san bambancin. Akwai kitsen da ke manne a gefen nama, wanda wuƙa ɗaya za ta ɗauke shi ta bar tsoka lafiya lau, akwai kuma wanda ya shiga cikin tsokar kanta, wanda ba yadda za a raba su sai an haɗa da nama. Likitan tiyata ma abin da yake fuskanta ke nan.

Akwai na tsaka-tsaki, wanda yake ƙari ɗaya ne amma ya tsiro a cikin tsoka, gefensa ya kutsa tsakanin zarurrukanta. A harshe ana yawan samun irinsa, kuma shi ne mai dawowa bayan an cire. Rahotanni sun saɓa sosai a kan yawan dawowarsa, daga kashi 3 har zuwa sama da kashi 60 cikin 100, kuma babban abin da ya kawo saɓanin shi ne yadda aka iya kwashe shi a tiyatar farko.

Marar jakar nan mai kama gefe biyu, wasu likitoci suna ganin ɗan'uwan cutar Madelung ne, wadda take tara kitse a wuya da kafaɗu da ƙeya har wuyan mutum ya ɓace. Benjamin Brodie na Ingila ya yi bayaninta a 1846, Otto Madelung na Jamus ya tattara marasa lafiya da dama a 1888, sannan Launois da Bensaude na Faransa suka ƙara a kai a 1898. Ta fi kama maza masu matsakaicin shekaru a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, kuma mafi yawansu sun daɗe suna shan giya. Ana kuma samun ciwon suga, ko yawan maiƙo a jini, ko matsalar hanta tare da ita. Wasu likitocin kuma suna ganin na harshe abu ne daban. Abin da ya kamata a riƙe a nan, musamman a wurinmu da ba a raina abin magana: samun wannan kitse ba shaida ba ce cewa mutum mashayi ne. An same shi a jikin waɗanda ba su taɓa kurɓa ba. Idan likita ya yi tambayar, aikinsa yake yi, a ba shi amsa ta gaskiya.

Ba a zaɓe kafin a tabbatar

Duk kwatancen da zai biyo baya yana aiki ne idan an tabbatar kitse ne. Yatsa da fitila ba su isa ba. Harshe yana ƙara girma saboda dalilai da yawa: taruwar wani furotin da ake kira amiloid, wanda yake cikin manyan dalilan kaurin harshe ga manya kuma yana iya taɓa zuciya da ƙoda, raunin ƙwayar tayirod da ke wuya, yawan sinadarin girma, wanda yake haɗawa da girman hannu da ƙafa da haɓa, ko curin jijiyoyin jini, wanda tsaga shi ba shiri hatsari ne babba. Sannan gefen harshe shi ne wurin da dajin harshe ya fi zama, duk da cewa shi yawanci yana zuwa da tauri da gyambon da ya ƙi warkewa.

Hoton MRI ne ya fi nuna gaskiyar lamarin. Kitse yana fitowa da haske a wani salon ɗaukar, idan aka sauya zuwa salon da ke danne kitse sai ya dushe, kuma a nan ne ake ganin ko yana da iyaka ko ya ratsa tsoka. Sai dai yana da tsada, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Hoton CT ma yana gane kitse sosai, domin ya fi ruwa rashin nauyi, yana fitowa da duhu, amma cikon ƙarfe a haƙori yakan ɓata hoton. Sikanin irin na masu ciki ya fi araha, yana taimakawa ga ƙaramin ƙari na kusa da sama, amma ba ya nuna zurfi yadda ake so. Idan ƙarin ƙarami ne kuma a fili, likita yana iya wucewa kai tsaye ya cire shi. Idan babba ne, ko mai zurfi, ko gefe biyu, ina ganin kuɗin MRI ba asara ba ne ko da sai an yi karo-karo a dangi.

Hoto ba ya maye gurbin gwajin tsoka a ƙarƙashin madubin likita. Akwai wani nau'in dajin kitse mai kama da lifoma sosai, a hoto da ma a ido, kuma a cikin baki harshe na cikin wuraren da ya fi zaɓa. Ba ya da yawa ko kaɗan, amma wanda ya zaɓi a bar ƙarinsa ba tare da an yanko ɗan yanki an gwada ba, zato ya zaɓa, ba sani ba.

Hanya ta farko: a cire shi gaba ɗaya

Ga mai jaka, wannan ita ce hanya, kuma ba na ganin dalilin dogon jinkiri. Ana tsaga fatar harshe a samansa, a bi gefen jakar, a ɓanɓaro shi, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Ƙarami na kusa da sama ana iya yinsa da allurar kashe zafi a wurin kawai, mutum ya kwana a gidansa. Mai zurfi ko babba sai an sa barci. Amfaninsa uku ne a haɗe: ƙarin ya tafi, an sami abin kaiwa gwaji gaba ɗayansa, kuma da wuya ya dawo.

Abin da za a biya shi ne kumburi da zafi na 'yan kwanaki, wanda yakan fi tsanani a rana ta biyu da ta uku. Abinci sai mai laushi, kunu ko koko ko fate da ya huce, ban da yaji, ban da mai zafi, tare da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi ko maganin da aka rubuta. Harshe yana da yalwar jini, shi ya sa yake zubar da jini sosai idan an yanke shi, shi ya sa kuma yake saurin warkewa.

Akwai wata hujja da ba a cika faɗa ba. Ƙarin santimita 2 da na santimita 6 ba aiki ɗaya ba ne. Wanda ya bar mai jaka ya yi ta girma don tsoron wuƙa, sau da yawa wuƙar ce dai zai tarar a gaba, amma babba.

Ga marar jaka kuwa, cirewa gaba ɗaya na nufin cire babban ɓangaren harshe, domin babu layin da likita zai bi. Kan abin da ba daji ba ne, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Hanya ta biyu: a rage

Wannan ita ce tiyatar marar jaka idan ya fara hana mutum sakat. Ba a neman kwashe kitsen duka. Ana neman dawo da harshe girman da zai zauna a cikin baki ya yi aikinsa. Likita yana iya sassaƙe gefuna biyu inda kitsen ya fi taruwa, ko ya cire wani yanki daga tsakiya ya haɗe sauran. Kowane salo da abin da yake tsarewa da abin da yake sadaukarwa, kuma wurin da kitsen yake shi ke yanke hukunci.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi da kyau, domin harshe ba tsoka kawai ba ce. Akwai jijiyar da ke motsa shi, akwai wadda ke kawo jin taɓi da ɗanɗano na kashi biyu cikin uku na gabansa, akwai babbar jijiyar jini a kowane gefe. Taɓa ɗaya daga ciki yana iya barin mutum da dindiris a wani sashe, ko raguwar ɗanɗano, ko nauyin harshe. Sau da yawa abin yana warwarewa cikin makonni ko watanni, wani lokaci kuma yana zama. Tabo ma yana iya rage lanƙwasar harshe.

Kuma Hausa harshe ce mai wahalar da kan harshe. A gwada furta r ɗin “rana” da ta “riba”, ko ɗ, ko ts, ko l, a ji inda aikin yake. Wanda sana'arsa magana ce, malamin aji ko liman ko mai gabatar da shiri a rediyo, ko mahaddacin da ya sha wahala kafin ya daidaita mafitar haruffa, ba daidai yake da wanda magana ba ita ce abincinsa ba. Sai dai lissafin yana da fuska biyu. Harshen da ya cika baki shi ma yana ɓata furuci, kuma an sami waɗanda maganarsu ta fi fita bayan an rage. Tambayar da za a yi wa likita ita ce: wane yanki za ka cire, kuma kan harshen zai tsira?

Babban hatsarin kwanakin farko shi ne numfashi. Harshen da aka yi wa babban aiki yana kumbura, kuma bayansa hanyar iska ce. Shi ya sa ake shigar da bututun numfashi ta hanci, a kwantar da mutum a sa masa ido, wani lokaci ma a buɗe ƙofar iska ta wucin gadi a maƙogwaro har kumburin ya saɓe. Irin wannan aiki ba na ƙaramin asibitin unguwa ba ne. Na likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ne, ko na kunne da hanci da maƙogwaro, a wurin da ke da ƙwararren mai sa barci da ɗakin kulawa ta musamman. A arewacin Najeriya ana samun waɗannan sassa a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri.

Sannan a shiga da sanin cewa tunda an bar saura, yana iya sake taruwa. Ba gazawar likita ba ce, yanayin cutar ne.

Hanya ta uku: a bar shi, a sa ido

Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin rashin yin komai, alhali ga marar jakar da aka gwada aka tabbatar, wanda ba ya hana ci, ba ya hana magana, ba ya hana barci, ita ce hanyar da ta fi hankali. Dattijo ɗan shekara 70 mai ciwon suga da hawan jini, wanda harshensa ya ɗan yi faɗi shekara goma ba tare da ya dame shi ba, barcin tiyata ya fi kitsen zama barazana gare shi. Kitsen da aka tabbatar lafiyayye ne ba a san shi da rikiɗewa ya zama daji ba, sai a wasu rahotanni ƙalilan ƙwarai.

Amma sa ido aiki ne. Ana komawa asibiti a lokacin da likita ya tsayar, yawanci bayan wata shida ko shekara. Abin da ke girma a hankali, mai shi ne na ƙarshen lura, don haka ɗaukar hoton harshe da waya lokaci-lokaci, a haske iri ɗaya, ya fi dogaro da tuni. Ana kuma kula da abin da ke tafiya tare da shi: suga, maiƙon jini, hanta. Mai shan giya ya daina. Dainawar ba za ta narkar da kitsen da ya riga ya taru ba, amma tana iya rage saurin ƙaruwarsa, kuma tana sauƙaƙa tiyata idan ranarta ta zo.

Raunin wannan hanya shi ne sabo. Mutum yana fara cizon harshensa wajen cin abinci, ya ce ai harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sai ya daina cin nama don tauna ta yi wuya, sai haƙoran roba su daina zama, sai mai ɗakinsa ta ce munsharinsa ya ƙaru har numfashinsa yana ɗaukewa cikin dare ya farka a firgice. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne: ɗaukewar numfashi a barci tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, kuma ita kaɗai ta isa ta mayar da mutum daga hanya ta uku zuwa ta biyu. Haka ma ƙwarewa wajen haɗiya, ko gefen harshe da ke yawan gogar haƙori yana yin rauni. Idan kuwa kumburin ya soma girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya fara ciwo, ko gyambo ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko kaluluwa ta fito a wuya, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Abubuwan da ba sa cikin zaɓi

Rage cin maiƙo da motsa jiki suna da amfani ga jiki, amma irin wannan kitse ba ya bin ƙa'idar sauran. Mutum yana ramewa ya bar shi yadda yake. Babu ƙwaya ko jiƙo ko turare da aka tabbatar yana narkar da shi. Zuƙe kitse da bututu ana yinsa ga na wuya a cutar Madelung, amma harshe ƙarami ne, cike da jijiyoyi, ba wurinsa ba ne. Allurar narkar da kitse da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015, don kitsen ƙarƙashin haɓa aka yi ta, ba don harshe ba, kuma kumburi take haddasawa, abin da ake gudu a bakin hanyar iska.

Sai wanzami. Al'adar cire beli ta sa wasu suna ganin duk abin da ya tsiro a baki aikin aska ne. Harshe ba beli ba ne. Babu ruwa ko mugunya a cikin ƙarin kitse da tsaga za ta fitar, kuma jinin da zai biyo baya yana iya taruwa a cikin harshen ko ƙasan baki ya toshe numfashi kafin a kai asibiti.

Idan an tsayar da tiyata

A gaya wa likita duk maganin da ake sha, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin, kuma kada a daina su da kai sai ya faɗa. Mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna, don rauni ya warke. Mai shan taba ya ajiye ta. A tambaya tun kafin ranar ko cirewa za a yi ko ragewa, domin wanda ya shiga yana zaton an gama da abin har abada, ya ga ya dawo bayan shekara uku, zai ɗauka an cuce shi.

Abin da aka ciro kuma dole ya tafi ɗakin gwaji, komai kyan kamanninsa. Likitoci suna da wata alama da suke lura da ita: ƙarin kitse yana tasowa sama a cikin kwalbar ruwan adana tsoka maimakon ya nutse. Alama ce mai daɗin gani, amma ba sakamako ba ce. Yakan faru dangi su ga an gama aiki lafiya, kuɗi ya ƙare, sai a bar kwalbar a ɗaki ko a tafi da ita gida. A ware kuɗin gwajin tun farko tare da na tiyata, a kuma koma a karɓi takardar. Idan ta ce lifoma ce mai jaka, an gama. Idan ta ce ta cikin tsoka ce, ana ci gaba da zuwa dubawa na wasu shekaru. Idan kuwa mai gwajin ya ga ƙwayoyin da ba su kwanta masa ba, akwai ƙarin gwaji na musamman da ke neman alamun MDM2 da CDK4, wanda yake raba lafiyayyen kitse da dajin kitse mai kama da shi. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, amma ana iya aika samfurin inda ake yi, kuma sakamakonsa ne zai nuna ko za a koma a ƙara yanke gefen wurin.